Doguwar Alwalar Ɗan Liman

A kasuwar Bodinga, inda nake da shagon ɗinki, an daɗe ana ba da labarin alwalata. Cewa ake yi babu wanda ya kai ni cika ta. Zan tsuguna da buta in tsefe gemu, in bi tsakanin yatsun ƙafa ɗaya bayan ɗaya, in juya gwiwar hannu in duba ko na bar lam'a, wato inda ruwa bai taɓa ba, har sai na ji an tayar da iƙama wani ya shige gaba ya yi kabbara. Sannan in miƙe a natse in shiga sahun baya. Dattawa suna nuna ni ga matasa suna cewa a zo a koyi tsarki. Ni kuwa Allah ya sani, ba tsarkin ne ya dame ni ba. Jira nake yi gurbin liman ya cika kafin wani ya waiwayo ya gan ni.

Masallacin kasuwa ba shi da tsayayyen liman. Idan lokaci ya yi sai a dudduba, duk wanda aka ga yana da gemu da alamar karatu sai a dafa masa baya a ce, "Malam, bismilla." Shi kuma ya ɗan noƙe, ya nuna wani ya ce ai ga manya, a sake tura shi, sannan ya wuce. Kowa ya san wannan noƙewar ladabi ce kawai, kamar yadda baƙo ke cewa ya ƙoshi alhali hannunsa ya kusa kwano. Tawa noƙewar ce ba ta da ƙarshe. Ga gemu Allah ya ba ni, ga hadda tun ina saurayi, ga kuma babbar masifar, duk kasuwa an san ni ɗan limamin ƙofar gidanmu ne a Dandin Mahe.

Sau ɗaya tak na taɓa tsayawa gaban sahu. Ina sabon saukar karatu mahaifina ya yi mura, ya turo ni in ja Magariba. Na ɗaga hannu na yi kabbara, sai Fatiha ta ɗauke mini ƙaf. Fatihar da nake karantawa tun ban san wanke hanci ba. Zuciyata tana dukan uku-uku, gumi ya jiƙa mini riga har ƙugu. Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba, sai dai na ji yayana ya matso ya janye ni ya ci gaba. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya ƙara tayar da zancen. Ni ne na ɗauki abin na goya shi, na tafi da shi Bodinga koyon ɗinki, na bar wa yayana allo da buzu.

Ba zama na yi ba, na nemi magani. Rubutun da na sha ya isa a rina shadda. An yi mini hayaƙi har matata ta ce kayanta sun daina ƙanshin turare. Mai kemis ya ɗaura mini abin awon jini ya ce jinina ya fi nasa lafiya. Wani malami a Lambara ya duba ya ce sammu ne, wani ne ke son ƙwace masallacin gidanmu. Na yi ta tunanin wane ne wannan maƙiyi da zai ɓata dukiyarsa a kan masallacin da rufinsa ke yoyo, ban gano shi ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda gudun nawa ya zame mini daraja. Wata rana wani mai sayar da takalma ya matsa mini, ya riƙe hannuna yana ja na gaba. Jikina ya ɗauki rawa, idanuna suka kawo ruwa. Sai wani dattijo ya tsawata masa, ya ce a ƙyale bawan Allah, tsoron Ubangiji ne ya yi masa yawa, ya san nauyin ɗaukar sallar mutane. Tun daga ranar aka fara kawo mini jarirai in yi musu tofi a bakin keken ɗinki. Ina tofawa ina jin kunya, don na san abin da ya kama ni bai da alaƙa da waliyyai. Tsoron mutane ne tsagwaronsa, mutanen nan da suke roƙona ragi a kuɗin ɗinki.

Haka na rayu har furfura ta fito mini. Mahaifina ya rasu, yayana ya gaje shi, na ce alhamdu lillahi, ta ƙare. Sai ga shi yayan nawa ma ya kwanta ciwo ya bi bayansa. Masallaci ya koma hannun na'ibi, wani tsoho mai kirki wanda haƙoransa suka riga shi ritaya, idan yana karatu sai mai hadda ne kawai zai gane surar da yake ciki. Bayan an share makoki dattawan unguwa suka zo suka zauna a zaure, suka jefa mini karin maganar da na fi tsana a duniya, wai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Na ce su ba ni lokaci, suka fita suna yaba tawali'una.

Inna ce ba ta yaba komai ba. Mahaifiyata ta tsufa, idonta ya tafi, kuma ɗakinta katanga ɗaya ce ta raba shi da masallacin. Ta sa aka kira ni, na durƙusa a bakin gadonta.

Ta ce, "Na ji muryam Malam shekara da shekaru ta katangag ga. Na ji ta yayanka. Taka ɗai ta ban taɓa ji ba."

Na ce, "Inna, ai akwai na'ibi."

Ta ce, "Ba limanci nika so ka amsa ba. Magariba guda nika roƙo, in ji ka, kahin in tahi inda sunka tahi."

Ban taɓa jin magana ta yi mini nauyi haka ba. Na so ta yi faɗa, da na samu abin kare kaina. Na ce to, na fito na hau babur na koma Bodinga. Ita ba ta da lokaci mai yawa, duk wanda ya ga yadda hannunta ya rame ya san haka, ni kuwa ko tunanin buzun liman na yi sai numfashina ya sarƙe.

A cikin wannan hali wani dattijo ya kawo mini ɗinkin jamfa. Tsohon ma'aikacin jinya ne da ya yi aiki a ɓangaren masu ciwon ƙwaƙwalwa, ya yi ritaya ya koma noman albasa a fadamar Danchadi. Kowa Likita yake ce masa. Ana kiran Azahar muka fita tare, ya gama alwalarsa ya tsaya yana kallon tawa. Bayan an sallame ya biyo ni shago, ya jira har yaran shagon suka fita cin abinci.

Ya ce, "Malam tela, alwalag ga taka ba ta tsarki ba ta. Ta gudu ta."

Na ji kamar an kware mini zane a kasuwa. Na ɗaure fuska na ce ban gane ba.

Ya ce, "Idonka ba ga buta shike ba, ga ƙohwam masallaci shike. Na ga irinka da yawa. Abin ga ba sammu ba na, ba iska ba na, kuma ba ka haukace ba. Hwargaba ta, kuma ana koyon zama da ita kamar yadda anka koya maka keke."

Da farko na yi fushi. Shekara da shekaru ina waliyyi, mai albasa ya zo ya sauke ni a zama ɗaya. Amma a bayan fushin akwai wani sanyi da ban taɓa ji ba, don yau ga mutum ya kira abin da sunansa kuma bai ja da baya ba. Ranar da ba kasuwa na ɗauki babur na nufi Danchadi, na ce wa matata zan duba albasa.

Na zaci zai ba ni ƙwaya ko allura. Tabarma ya shimfiɗa a ƙarƙashin mangwaro, ya ɓare goro ya ba ni rabi, ya fara yi mini tambayoyi kamar alƙali.

"In ka tsaya gaba, mi kaka tsoro?"

Na ce kada karatu ya ɗauke mini.

"In ya ɗauke, sai mi?"

Na ce sai a jawo mini daga baya.

"In an jawo maka, sai mi?"

Na ce sai in ci gaba.

"To in ka manta zaman tahiya hwa?"

Na ce sai a yi mini subhanalla, in yi ƙabli.

Ya tofar da goro ya ce, "Kai da kay yi karatu, gaya man. Wanda yas shar'anta ƙabli da ba'adi, bai san liman za shi mantuwa ba? An yi wa kuskure wuri tun ba a haihe ka ba. Kai ɗai na kac ce naka ba shi da wuri."

Na karanta wannan babi a gaban mahaifina ban san iyaka ba, ban taɓa tunanin ya shafe ni ba. Sai ya sake jefo wata. Ya ce in ina bin wani liman salla, me nake tunani a kansa? Na so in ce ina sauraron karatu da natsuwa, amma idonsa ba na mutumin da ake yi wa haka ba ne. Na ce gaskiya yawanci ɗinkin da ban gama ba nake tunani. Ya yi dariya har ya ƙware, ya ce to su ma haka, kowa da albasarsa a ka, ban kai matsayin da za a bar tunanin taki a koma kaina ba. Ban ji daɗin wannan ba, amma ya rage mini nauyi.

Ya koya mini abubuwa ƙanana waɗanda da wani ne ya faɗa mini da na raina. In zuciya ta fara bugu, kada in yi kokawa da ita, in saki numfashi a hankali ya fi wanda na ja tsawo. In taka ƙasa da tafin ƙafa in ji sanyinta. In daina duba jikina ina tambayar ko tsoron ya tafi. Ya ce jikina kamar karen gida ne da ya taɓa ganin ɓarawo sau ɗaya, tun daga nan yake yi wa kowa haushi har mai gidan, kuma ba a gyara irin wannan kare da duka, sai dai a yi ta wucewa ta gabansa har ya gaji. Na tambaye shi yaushe tsoron zai tafi in fara. Ya ce ba za mu jira shi ba, in ya ga dama ya tsaya a bayana ya bi salla.

Aka kira La'asar daga nesa, ya miƙe ya shimfiɗa buhu a gaba, ya koma baya ya tsaya. Na duba hagu da dama, ba kowa sai mu biyu da injin ban ruwa. Na ce ai shi ne babba. Ya ce, "Malam, bismilla," ya dafa mini baya. La'asar ba a bayyana karatunta, mamu kuma ɗaya ne tak, amma sai da rigata ta jiƙe. Da na sallame na waiwaya ina jiran hukunci, sai na gan shi yana leƙen ko ruwa ya kai kunyar ƙarshe.

Haka muka riƙa yi duk mako. Ban taɓa ganin mugun mamu irinsa ba. Da gangan yake gyaran murya ina tsakiyar karatu, ya faɗi amin kamar ana kiran shanu. In ba a salla muke ba sai ya sa ni karatu da ƙarfi, ya katse ni ya ce na yi kuskure alhali ban yi ba, don dai in saba da jin murya daga baya. Daga baya ya ƙaro masu yi masa cirar albasa, sannan wani makiyayi da ke shayar da shanunsa a kusa, sannan ya riƙe ni har Magariba don in bayyana karatu. Muryata tana rawa, yana cewa a bar ta ta yi, ba gasa muka zo ba. Shi kuwa wannan gwanin, ranar da na goya shi a babur zuwa bakin titi ya ƙanƙame ni yana salati tun ban sa giya ta biyu ba. Na ce Likita, saki numfashi a hankali. Ya ce in yi tuƙina, wanzami ba ya son jarfa.

Da na ga na fara iyawa sai kaina ya kumbura. Ranar kasuwar Shagari na je sayen zare, lokacin salla ya yi, aka dudduba aka dafa ni. Na ce yau ce ranar. Na taka har kan buzu, na juya na ce a daidaita sahu, sai na ga fuskoki sun cika masallaci har waje. Cikina ya murɗa. Na ce a gafarce ni alwalata ta karye, kuma ban yi ƙarya ba, tsoro ya san hanyar da yake bi. Na fita ta gefe kaina a ƙasa, na yi rantsuwa na gama da Danchadi da mai albasarta.

Rantsuwar ba ta yi nisa ba, don a makon nan aka aiko Inna ta daina cin tuwo sai kunu. Na koma fadama na zayyana wa Likita abin da ya faru, ina jiran ya tausaya mini. Ya ce madalla. Na ce madalla da me? Ya ce da can ƙofar masallaci nake tsayawa, yanzu har buzu na kai, kuma ga ni ban mutu ba, mutanen Shagari ma sun yi sallarsu sun koma ciniki. Ya tambaye ni yaushe zan je gida. Na ce sai na ƙara shiri.

Ya ce, "Shirinka ba shi ƙarewa, tsohuwa kuwa tana ƙarewa. Tahi da rawaj jikinka."

Na roƙe shi ya raka ni, ya ƙi. Ya ce in ya je zan ɗauka shi ne ya yi.

Na isa Dandin Mahe rana ta yi ja. Akwai dabarar da na ɓoye ban gaya wa Likita ba. Masallacinmu yana da lasifika mai aiki da batirin mota, na shirya in matso da bakina in yi karatu ƙasa-ƙasa, inji ya yi sauran aikin. Ina shiga na ga ladan ya fito waje ya toshe kunne yana kiran salla da bakinsa. Batir ya mutu, an kai shi caji Shagari. Na tsaya da takalmi a hannu na dubi katangar nan ta laka, na tuna kunnen Inna ya yi nauyi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In ban ɗaga murya ba, duk wahalar da na sha a fadama ta albasa ce kawai.

Na'ibi ya gan ni, ya nuna buzu. Ban noƙe ba, don na san in na fara ba zan daina ba. Na yi kabbara, sai shirun nan na da ya dawo, kaina fayau ba harafi ko ɗaya. Zuciya tana bugu har a kunne. Na saki numfashi a hankali, na danna ƙafafuna a ƙasa, na bar gwiwoyi suna abin da suka ga dama. Sai ga farkon Fatiha ya zo da kansa. Na ɗaga murya yadda ban taɓa ɗagawa ba, tana rawa tana fashewa, na juya ta wajen katanga gwargwadon abin da alƙibla ta yarda. Na zaɓi gajerun surori, na yi ruku'u da sujada kamar ana kora ta, na sallame.

Na zauna ina jiran abin da za a ce. Aka yi addu'a aka shafa. Wani ya ce hadarin gabas ɗin nan da wuya ya zubar. Wani ya matso ya kama hannuna, na ce to ga shi nan, sai ya tambaye ni ko rigarsa ta Juma'a ta samu. Shekarun da na yi ina gudun waɗannan mutane, ashe ko lura ba su yi da wanda ya ja su ba. Na ji haushi ƙwarai, na kuma ji daɗi.

Na shiga gida. Inna tana zaune a ƙasa kan tabarma, ba a kan gado ba, ta fuskanci gabas, carbi a hannu. Na durƙusa na gaishe ta.

Ta ce, "Na ji ka."

Na ce, "Ƙaƙa kij ji, Inna?"

Ta ce, "Muryad dai ta Malam ta. Amma gudun ga ba nashi ba na. Ina duƙawa ruku'u kai ka ɗago, ina ɗagowa kai ka kai ƙasa. Gwiwoyin ga ba su iya maka. Gobe ka jira ni."

Sai a lokacin na gane ba saurare kawai take yi ta katangar nan ba, bin salla take yi, tun zamanin mahaifina. Na sunkuyar da kai na yi kuka kamar ƙaramin yaro, ita kuwa tana ta jan carbinta. Magariba guda muka yi alkawari, amma ban tuna mata ba. Na ce to, Inna.

Na riƙa rufe shago da La'asar sakaliya ina kama hanya. Rawar muryar ba ta daina ba, raguwa dai ta yi. Na koyi tsayawa a ruku'u har sai na ƙiyasta tsohuwa ta gama duƙawa ta daidaita bayanta, in ba ta lokaci a sujada ta dafa ƙasa ta taso. Ta ga ƙarshen damina, ta rasu ana cikin girbin gero. Har yau in na yi ruku'u a masallacin nan sai in tsaya ina jira, sai na ji dattawa sun fara gyaran murya a bayana, sannan in tuna ɗakin ba kowa.